Mu Dawo Da Daddawa Cikin Gidajenmu

(Wannan shi ne jawabin da kwamitin mata na ƙungiyarmu ya gabatar a taron shekara-shekara na Hausawa mazauna ƙasar Kagoma. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

 



Ranar da muka shaida wa shugabannin ƙungiya cewa a kan daddawa za mu yi jawabinmu na bana, wasu daga cikin iyayenmu maza sun yi dariya. Suka ce ga maganar kuɗin makaranta, ga maganar tsaro, ga maganar citta, sai ku zo mana da daddawa? Muka ce Allah ya ba ku haƙuri, Baba, kuɗin makaranta sau uku ake biya a shekara, amma tukunyar miya kullum ta Allah sai an ɗora ta, wani gidan ma sau biyu. Abin da ake kashe wa kuɗi kullum kuwa, ko da ƙarami ne, shi ke cinye maigida bai sani ba. Saboda haka muna roƙon a ba mu aron kunnuwa na ɗan lokaci.

Halin da muke ciki

Jama'a, kowa a nan ya san abin da ya same mu a 'yan shekarun nan. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun Naira, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota daga nan zuwa Kafanchan ko Kwoi ya tashi, kaya suka bi shi. A daminar wannan shekarar kuma annoba ta faɗa wa citta a Kaciya da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, manoma suka yi asara, mu ma da mazajenmu ke saye da sayar da citta muka ji a jikinmu. Zuwa tsakiyar 2024 hukuma da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

To a cikin wannan hali ne muka zauna a kwamiti muka tambayi kanmu: mene ne muke saye kullum alhali muna iya yin sa da hannunmu? Amsa ta farko da ta zo bakin kowa ita ce kayan ɗanɗanon miya, wato magi da farin magi da ita kanta daddawar kasuwa.

Mu yi lissafi tare. A ce gida yana jefa dunƙulen magi 6 a rana, uku da rana uku da dare. Wannan ba gida mai almubazzaranci ba ne, da yawanmu mun wuce haka. A wata ya zama 180, a shekara ya zama 2,190. Kowace uwargida ta san nawa ake sayar da ƙwaya ɗaya a shagon unguwarsu, sai ta buga lissafin idan ta koma gida. In ta gama, ta tambayi kanta mudu nawa na waken suya wannan kuɗin zai saya mata da kaka.

Daga ina magi ya zo, ina daddawa ta tafi?

Sunan magi sunan mutum ne, wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Julius Maggi. A 1908 kamfaninsa ya fito da dunƙulen, a 1947 kuma kamfanin ya haɗe da Nestlé, wanda ke da masana'anta a Agbara cikin jihar Ogun. A wannan shekara ta 1908 dai wani masani a Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke sa romo ya yi daɗi a baki, wanda daga gare shi aka sami farin magi. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, wannan sinadarin da ya gano, shi ne dai yake fitowa a cikin daddawa idan ta nuna. Wato abin da aka gano a ɗakin bincike shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce, kakanninmu sun daɗe suna yin sa a cikin kwando a bayan ɗaki. Har ma masu yin magi a ƙasar nan suna sa waken suya da aka ruɓar a cikin haɗinsu, don ya zo daidai da harshenmu da ya saba da daddawa.

Kuma ba mu kaɗai ke da ita ba. Yarbawa suna ce mata iru, mutanen Mali da Burkina Faso suna cewa sumbala, a Senegal netetu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Katsina da Sakkwato suna da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Mutanen Japan, duk da ci gabansu, har gobe suna karya kumallo da wani ruɓaɓɓen waken suya mai yauƙi da suke kira natto, kuma ƙwayar halittar da ke nunar da shi ita ce ke nunar da daddawarmu. Alhazanmu da suka je Makka sun ga wani kwaɓin wake da riɗi da Larabawa ke dangwala da gurasa, suna ce masa hummus. Ana sayar da shi a roba a kantuna, amma a ƙasashen Sham da Labanan gida mai mutunci da na hannun uwargida yake alfahari. Kowace al'umma tana riƙe da nata, mu ne muka fara jin kunyar namu.

Yanzu me ya sa daddawa ta bar gidajenmu? Gaskiya akwai dalili, ba lalaci kaɗai ba ne. Daddawar kalwa aiki ne ja. Sai an sami ɗorawa, an raba garin da ƙwayar, a dafa kalwar yini da kwana, a surfa ta a turmi, a wanke a rafi, a sāke dafawa, kana a rufe ta. Itacen da take ci ba kaɗan ba ne. Bayan haka ga maganar da ta shafe mu mu mazauna: yawancinmu ba mu da itacen ɗorawa ko ɗaya. Iyayenmu sun zo ƙasar nan ne da fatauci da sana'a, wasu tun zamanin da layin dogo ya iso Kafanchan a shekarun 1920. Ko an ba mutum aron gona, al'ada ce sananniya cewa ɗorawar da ke cikinta ta mai gona ce, kuma haka ya dace. Ita ma ɗorawar tana ta raguwa, masu gawayi da masu katako ba su bar ta ba. Da kalwa ta yi tsada, magi kuma ya zo har ƙofar gida, sai muka miƙa wuya.

Maganin yana ƙofar gidanmu

Abin da muke so mu tuna wa jama'a shi ne, wannan ƙasa da muke zaune a cikinta ta riga ta warware wannan matsala tuntuni. Matan yankin Kafanchan sun yi suna wajen daddawar waken suya tun shekarun 1980, har fatake na zuwa su yi lodi su kai arewa. Da yawa daga cikin daddawar da 'yan'uwanmu ke ci a can gida, daga nan take tashi. Kun ga abin kunya ne a ce muna zaune a bakin rijiya muna sayen ruwa.

Waken suya ya dace da mu ta kowace fuska. Amfanin damina ɗaya ne, ana iya shuka shi a gonar aro ko a bayan gida, in ba a noma ba kuma ga shi a kasuwar Kafanchan da ta Kwoi, yana araha da kaka, wajen watan Nuwamba. Yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, don haka mai gona ba zai yi ƙorafi ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayarsa abin gina jiki ne, kusan kashi 20 kuma mai ne. Dahuwarsa 'yan sa'o'i ce, ba yini da kwana ba. Ba za mu ɓoye muku ba, ta kalwa ta fi ta ƙarfin ƙamshi, kuma tsofaffinmu suna gane bambancin tun daga loma ta farko. Wadda ta sami kalwa sai ta gauraya, ko ta ajiye ta don miyar kuka ta ranar Juma'a. Amma dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yadda ake yin ta

Ga yadda muka koya daga wasu iyayenmu da ke cikin wannan taro, da kuma wasu maƙwabtanmu matan Gwong da suka buɗe mana ƙofa suka nuna mana ba tare da ƙyashi ba. Allah ya saka musu da alheri.

Da farko a sami wake mai kyau, busasshe. Mai farawa ta fara da mudu 2, kada ta ɗauko da yawa. A tsince tsakuwa da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, domin ruɓaɓɓiyar ƙwaya tana iya ɗauke da dafin da wuta ba ta kashe shi.

Na biyu, a soya waken a busasshen kasko, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ya yi ja-ja ya fara ƙamshi. Kada a bari ya ƙone, in ya ƙone daddawar za ta yi ɗaci. In ya huce sai a ɓarza shi a dutsen niƙa ko a inji, ɓarzawa kawai don ya rabe biyu, sannan a sheƙe ɓawon. Wadda ba ta son suya tana iya jiƙa shi ya kwana, da safe ta murje ɓawon da hannu ta wanke.

Na uku, a dafa shi da ruwa wadatacce har sai ƙwayar tana murjewa tsakanin yatsu biyu ba tare da an matsa ba. Yakan ɗauki sa'a 3 zuwa 4, gwargwadon wuta da irin waken. A nan muna jan kunne: kada a sa gishiri. Gishiri yana hana ta nuna.

Na huɗu, a tsane ruwan sarai, a juye waken tun da zafinsa cikin kwandon da aka shimfiɗa wa ganyen gwanda ko na ayaba. A rufe da wani ganyen, a lulluɓe da tsabtataccen buhu ko tsohon zane, a ajiye a wuri mai ɗumi inda iska ba ta kaɗawa, kamar lungun madafi kusa da murhu. A bar shi kwana 2 zuwa 3, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. In kika sa hannu a jikin buhun kika ji ɗumi, to aiki na tafiya.

Na biyar, a buɗe a duba. Daddawar da ta nuna za ta yi duhu, ta yi laushi, ta yi yauƙi, in an ɗaga tana jan zare, ga wari mai hawa hanci. Wannan shi ake nema. Amma in aka ga fumfuna kore ko baƙi, ko aka ji tsami irin na abincin da ya lalace, to a zubar, kada a yi ƙwauron mudu biyu a jawo wa yara ciwo.

Na shida, a kirɓa ta a turmi, a nan ne mai son gishiri ko ɗan barkono za ta iya sawa. A mulmula a fyaɗa ta faifai-faifai, a shanya a rana a kan tire ko tabarma, a bisa wani abu mai tudu saboda kaji da awaki da ƙura. Sai ta bushe ƙarau ta yi baƙi kafin a kwashe. A adana a tukunya ko kwalba mai murfi, a riƙa fito da ita tana shan rana lokaci-lokaci. In ta bushe da kyau takan yi watanni ba abin da ya same ta.

Akwai abin lura game da yanayin ƙasar nan. Daminarmu doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba ana ruwa, kuma shanya a Agusta wahala ce. Saboda haka lokacin yin daddawa shi ne daga kaka zuwa Maris, a yi ta shekara a ajiye. Sai dai kuma sanyin hunturu yana jinkirta nunarta. Mu kanmu gwajinmu na farko a kwamiti bai yi ba. Mun ajiye kwandon a zaure cikin watan Janairu, iska na shiga, ga shi wata daga cikinmu ta barbaɗa gishiri don a ganinta zai fi daɗi. Bayan kwana uku muka buɗe muka tarar da dafaffen wake yana kallonmu. Wata gwaggonmu ta yi mana dariya har da hawaye, sannan ta ba mu aron tsohon kwandonta, ta ce a kai madafi a ƙara bargo. Karo na biyu sai ga daddawa.

Wannan tsohon kwando yana da bayani. Mukan ji ana cewa wance tana da hannun daddawa, wance ba ta da shi. Masana sun nuna cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke nunar da waken, kuma suna maƙalewa a jikin kwando da ganye da buhun da aka saba aiki da su. Shi ya sa tsofaffi ba sa yarda a ɗauki kwandon daddawarsu a zuba wani abu. Hannun daddawa dai tsabta ce, da ɗumi, da haƙuri, kuma kowace mace tana iya samun sa.

Maganar lafiya

Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, wani ma ya fi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa mukan jefa magi, mu ƙara farin magi, mu ƙara gishiri, sannan ga yaji a gefe shi ma da nasa magin. Ku duba yawan iyayenmu da ke zuwa asibiti a Kafanchan saboda hawan jini, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ba mu ce magi kaɗai ne sanadi ba, amma likitoci sun yi ittifaƙi cewa yawan gishiri na cikin manyan dalilai. Daddawa tana ba miya ɗanɗano ba tare da ta zo da nata gishirin ba, sai uwargida ta sa gwargwadon da take so. Daɗin daɗawa, a ranar da babu nama a tukunya, daddawa tana ɗan cike gurbi, shi ya sa na da suke zuba ta da yawa.

Don adalci kuma, magi yana da nasa amfanin. Ana sa masa gishiri mai ayodin, wanda ke maganin maƙoƙo. Don haka duk wadda ta rage magi, ta tabbata gishirin da take saye na leda ne mai ayodin. Mu ba mu zo mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Abin da muke cewa shi ne a raba biyu: inda ake jefa shida a koma uku, daddawa ta cike sauran. In harshe ya saba, sai a ƙara ragewa.

Ga 'yan matanmu da amarenmu masu cewa daddawa wari gare ta, ku saurara, 'ya'yanmu. Warin yana raguwa da shanya, sauran kuma wuta ke cinye shi. A daka ta da barkono da albasa da citta, a sa ta tun farkon miya ta dahu sosai, kada a jefa ta daga ƙarshe. Wadda ta yi haka, maigida zai tambaye ta abin da ta canja, ba zai ce ya ji wari ba.

Abin da muke roƙo

Wanda ya fi damunmu a duk wannan magana shi ne, da muka zagaya gidajen 'yan ƙungiya, waɗanda muka tarar sun iya daddawa tun daga farko har ƙarshe duk masu jikoki ne. In Allah ya karɓi abinsa, sana'ar ta tafi ke nan. Kuma mun ga ranar da kasuwa ta rufe. A lokacin kullen korona na 2020, da lokutan da aka sa dokar hana fita a Kafanchan, Allah kada ya maimaita mana, gidan da ke da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a ɗaki bai kwana da gayan tuwo ba. Saboda haka muna gabatar wa taro da waɗannan shawarwari:

Ɗaya, ƙungiya ta keɓe rana ɗaya bayan kaka, iyayenmu da suka iya su koya wa matasa, a gayyato maƙwabtanmu matan Gwong da suka ƙware su ma su zo. Wanda kuka haɗa hannu a turmi ɗaya da shi, da wuya wani ya shiga tsakaninku.

Biyu, a yi adashi na musamman a sayi waken suya da buhu lokacin da yake araha, kai tsaye daga hannun manoman da muke zaune da su, a raba wa gidaje.

Uku, gidaje biyar-biyar su riƙa haɗuwa su yi dahuwa ɗaya, don a rage cin itace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya yi rara a sayar, kuɗin ya shiga asusun marayu da zawarawa.

Huɗu, duk yarinyar da za mu aurar, a tabbata ta yi daddawa da hannunta ko sau ɗaya kafin a kai ta, kuma wadda za a sa mata cikin kayan miyarta ta zama ta gida.

Biyar, wannan ga iyayenmu maza ne. Alhaji, Malam, don Allah in uwargida ta ce a sayo mudun wake da ɗaurin itace, kada a ce mata ai ga magi a shago. Ku ne za ku fara ganin sauƙin a aljihunku. Kuma masu harkar gawayi da katako a cikinmu, muna roƙonku da girman Allah ku ƙyale ɗorawa. Itacen da ke ba da gari da kalwa da makuba da inuwa shekara da shekaru, bai kamata a mai da shi buhun gawayi na mako ɗaya ba. Wanda ke da fili nasa na kansa, ya dasa ko guda ɗaya ce, jikokinsa su ci.

A bakin ƙofa mun ajiye daddawar da kwamiti ya yi, kowace uwargida ta ɗauki ɗaya in za ta fita, ta gwada a miyar daren yau. Wadda ke son shiga rukunin koyo ta ba sakatariyarmu sunanta kafin a watse.

 Inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a tukwanenmu, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.